Sojan ruwan da ya mutu a tudu: tambayoyi da amsoshi kan Vere Harmsworth da rundunarsa

A gefen kogin Ancre, a arewacin Faransa, akwai wata maƙabartar sojoji wadda duwatsun kaburburanta da yawa ke ɗauke da zanen anka, ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya. Teku kuwa tana can nesa, kogin ma bai fi babban rafi ba. Masu kaburburan sojojin ruwan Birtaniya ne da aka kashe a yaƙin tudu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗaya daga cikinsu shi ne Laftanar Vere Harmsworth. Ga tambayoyin da mutum kan yi idan ya ci karo da labarinsa.

Wane ne Vere Harmsworth?

Cikakken sunansa Vere Sidney Tudor Harmsworth. An haife shi a watan Satumba na 1895, aka kashe shi ranar 13 ga Nuwamba 1916, yana da shekara 21. Shi ne ɗa na biyu a cikin 'ya'ya maza uku na Harold Harmsworth, wanda aka fi sani da Lord Rothermere. Gidansu gidan jarida ne: uban da yayansa Alfred, wato Lord Northcliffe, su suka kafa Daily Mail a 1896, daga baya suka ƙara da Daily Mirror. A Ingila ta wancan zamani, in ana lissafin gidajen da ke da kuɗi da faɗa a ji, nasu yana sahun gaba.

Tun yana yaro aka sa Vere a hanyar aikin sojan ruwa. Ya bi ta makarantun horon hafsoshin ruwa na Osborne da Dartmouth, ya fara aiki a jirgi, sai ƙarar manyan bindigogin jirgi ta taɓa masa kunne, aka sallame shi. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914, ya sake komawa ta ƙofar 'yan sa kai. Wannan karon ba jirgi aka tura shi ba.

Me ya kai sojan ruwa yaƙin tudu?

Yawa ne ya kai su. Rundunar ruwan Birtaniya tana da mutanen ko-ta-kwana iri-iri: tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka gama wa'adinsu, da matuƙan jiragen kasuwanci da masunta, da kuma 'yan sa kai na ƙungiyar da aka kafa a 1903, waɗanda akawuna ne da ɗalibai da ma'aikatan kamfani masu zuwa atisaye da yamma ko ƙarshen mako. Da aka kira su duka aka cika kowane jirgi, sai aka tarar da rarar mutum fiye da dubu 20 da babu inda za a sa su.

Winston Churchill ne ministan sojan ruwa a lokacin. Shi ya yanke shawarar a haɗa rarar nan a mai da su mayaƙan ƙasa, amma su ci gaba da zama ƙarƙashin ma'aikatarsa. Aka kafa bataliya 8, kowace aka laƙaba mata sunan wani tsohon babban kwamandan ruwa: Drake, Hawke, Benbow, Collingwood, Nelson, Howe, Hood da Anson. Aka haɗa su da bataliya 4 na sojojin kundumbala na ruwa, waɗanda dama sun saba da yaƙin tudu. Vere ya faɗa cikin bataliyar Hawke.

Mutane da yawa a cikinsu ba su so ba. Wanda ya yi shekaru yana zuba gawayi a tukunyar jirgi, ko ya sa hannu don yana sha'awar teku, sai ga shi an miƙa masa shebur an ce ya haƙa rami.

To da suka sa kaki, ba sun zama sojan ƙasa ba ke nan?

A ido kawai. Sun riƙe al'adun jirgi da ƙarfi, har abin ya zama taurin kai da alfahari. Muƙamansu na ruwa ne, ba su da kofur da saje irin na sojan ƙasa. Suna barin gemu, abin da dokar sojan ƙasa ta hana. A sansaninsu da ƙararrawa ake sanar da lokaci kamar a jirgi. Idan mutum ya sami izinin fita gari, cewa yake zai sauka gaɓa, alhali ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Hafsoshinsu a zaune suke shan abin sha don girmama sarki, yadda ake yi a jirgi saboda rufin ɗaki gajere ne.

A 1916 aka miƙa su ga ma'aikatar yaƙin ƙasa, aka ba su lamba, suka zama Runduna ta 63, aka ƙara musu bataliyoyin sojan ƙasa na ainihi. A watan Oktoba na shekarar aka ji wa kwamandansu Manjo Janar Archibald Paris mummunan rauni, har ya rasa ƙafa. Wanda ya gaje shi, Manjo Janar Cameron Shute, sojan ƙasa ne na gidi, kuma bai ɓoye cewa yana ganin su a matsayin taron marasa tarbiyya ba. Ya tasar wa gemu da muƙamai da tsaftar ramuka. Su kuma faɗan da ya fi ƙarfinsu suka mai da shi wasa, suka yi ta rera masa waƙoƙin zambo a bayan idonsa. Wannan rikici yana gudana ne makonni kaɗan kafin a tura su harin da ya ci Vere, don haka sun shiga yaƙin da niyyar nuna wa sojan ƙasa cewa ba a banza suke ba.

Wane yaƙi ya gani kafin Faransa?

Biyu, kuma duka biyun ba a ji da daɗi ba.

Na farko Antwerp, babbar tashar jiragen ruwan Beljiyam, a watan Oktoba na 1914. Jamusawa sun kewaye garin da manyan igwa, Churchill ya tura sababbin bataliyoyin nan su taimaka. Ba su yi ko wata biyu da haɗuwa ba. Wasu ba su taɓa harba bindigar da aka ba su ba, wasu babu jakar baya, babu gorar ruwa. Ba su da igwa tasu, ba su da injiniyoyi. Cikin 'yan kwanaki aka ba da umarnin janyewa, umarnin bai isa ga wasu bataliyoyi da wuri ba, aka datse musu hanya. Kimanin mutum 1,500 suka tsallaka iyaka zuwa Holan don kada a kama su. Holan 'yar ba-ruwanmu ce a yaƙin, dokar ƙasa da ƙasa kuma ta wajabta mata ta karɓe makamansu ta tsare su har a gama. Aka ajiye su a wani sansanin bukkokin katako a Groningen. Vere yana cikinsu. Yawancinsu a can suka zauna har 1918, shi kuwa ya sulale ya koma Ingila.

Na biyu Gallipoli, a mashigin ruwan Dardanelles na ƙasar Turkiyya, inda Birtaniya da Faransa suka yi yunƙurin buɗe hanya zuwa Istanbul su fitar da Daular Usmaniyya daga yaƙin. Rundunar ta kasance a can daga Afrilu 1915 zuwa Janairu 1916. Ranar 4 ga Yuni 1915, a hari na uku kan ƙauyen Krithia, bataliyar Collingwood ta shiga yaƙinta na farko a Gallipoli, cikin ƙasa da sa'a guda aka kusa share ta, har aka rushe ta gaba ɗaya aka raba ragowar mutanenta. Abin da harsashi ya bari, atuni da ƙuda da zafi suka ɗauka. Vere ya zauna da bataliyar Hawke a wannan zirin ƙasa har aka kwashe sojojin da dare, ba tare da an kai ga abin da aka je nema ba.

Ɗan mai kuɗi ne. Ba zai iya kauce wa bakin daga ba?

Zai iya, cikin sauƙi ma. Da matsalar kunnensa kaɗai ya isa ya zauna gida ba wanda zai zarge shi. Zaman Groningen ma hutu ne na halal. An kuma yi masa tayin aiki a hedikwata, nesa da harsashi, ya ƙi, ya zaɓi ya zauna da mutanen da yake jagoranta.

Ya kamata a faɗi wannan a fili, don akwai masu ɗaukar cewa a kowane yaƙi ɗan talaka ne kawai ke mutuwa. A wannan yaƙin ƙananan hafsoshi, waɗanda yawancinsu 'ya'yan masu hali ne, su ne ke fara fita daga rami, kuma kason mutuwarsu ya zarce na sojojin da ke bin su. Firaminista Herbert Asquith ya rasa babban ɗansa Raymond a yaƙin Somme, a arewacin Faransa, a watan Satumba na 1916, wani ɗan nasa, Arthur, yana cikin wannan runduna ta sojan ruwa, ya rasa ƙafa sakamakon raunin da ya ji a ƙarshen 1917. Bambancin gata bai fito a wajen mutuwa ba. A wajen tunawa ya fito, za mu zo kansa.

Me ya faru ranar 13 ga Nuwamba 1916?

An fara yaƙin Somme ranar 1 ga Yuli. A wannan rana ɗaya sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu. Ƙauyukan Beaumont-Hamel da Beaucourt, a yankin kogin Ancre, suna cikin wuraren da aka tsara kamawa tun ranar farko, amma wata huɗu da rabi bayan haka suna hannun Jamusawa. Babban kwamanda Douglas Haig yana da taro da Faransawa a Chantilly ranar 15 ga Nuwamba, yana son ya je da wani abin nunawa. Sai aka ba Janar Hubert Gough damar sake gwadawa a kwarin Ancre.

Ruwan sama ya yi ta sa ana ɗage harin tun ƙarshen Oktoba. Mutane suna kwana cikin taɓo da sanyi, bataliyoyi sun rame, wasu ba su kai mutum 500 ba. Daren 12 ga wata aka jera su a fili, suka kwanta a ƙasa suna jira. Ƙarfe 5:45 na asuba, duhu bai yaye ba ga hazo mai kauri, igwa suka buɗe wuta, aka tashi.

Bataliyar Hood tana dama, dab da kogi da layin dogo. Hawke tana kusa da ita ta hagu, Nelson na biye da ita. A gaban Hawke, tsakanin layin ramukan Jamusawa na farko da na biyu, akwai wata maɓoya mai ƙarfi da aka haƙa cikin ƙasa, da ɗakuna masu zurfi da wuraren kafa bindigogi masu ruwan harsashi. Luguden igwa na kwanaki bai taɓa ta ba. Da wutar igwa ta wuce gaba, Jamusawan suka fito da bindigoginsu suka sami Hawke a fili. Cikin rabin sa'a ta farko bataliyar ta tashi daga aiki. Kusan mutum 400 aka kashe ko aka raunata, hafsoshinta kusan duka suka faɗi, har da kwamandanta Leslie Wilson wanda ya ji rauni. Nelson da ta biyo baya ta faɗa cikin wutar nan ita ma.

Douglas Jerrold, hafsa a bataliyar Hawke wanda shi ma aka ji masa rauni a ranar kuma daga baya ya rubuta tarihinta, ya ba da labarin cewa an harbi Vere tun a filin da ke tsakanin ɓangarorin biyu, bai tsaya ba, ya ja ragowar mutanensa har layin Jamusawa na biyu. A can aka kashe shi.

A dama kuwa abin ya tafi daban. Kwamandan Hood, Bernard Freyberg, ya kutsa da mutanensa, ya tattara duk wanda ya ɓace daga bataliyarsa ya haɗa da nasa, suka kwana a gaban Beaucourt, washegari suka kama ƙauyen da ɗaruruwan fursunoni. An ji masa rauni sau 4 cikin kwana biyun, aka ba shi lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta ta Birtaniya. Shi ne daga baya ya zama Gwamna Janar na New Zealand. Maɓoyar da ta cinye Hawke ba ta faɗi ba sai safiyar 14 ga wata, da aka kawo tankokin yaƙi 2. Duka biyun sun maƙale a taɓo, amma bindigoginsu sun kai, mutanen ciki suka ɗaga farin ƙyalle.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

A lissafin janar-janar, ta biya. An kama Beaucourt, rundunar 'yan tsaunukan Sukotland ta kama Beaumont-Hamel, an kama dubban fursunoni, Haig ya je taronsa da labari mai daɗi. Daga ranar babu wanda ya ƙara raina sojan ruwan nan. A wajen rundunar kuwa, kimanin mutum 4,000 ne aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace, saboda ci gaban da bai fi tafiyar rabin sa'a a ƙafa ba. Ranar 18 ga Nuwamba aka rufe yaƙin Somme cikin dusar ƙanƙara. A farkon 1917 Jamusawa suka janye da kansu zuwa sabon layin tsaro na Hindenburg, suka bar yankin. Masana tarihi har yau suna gardama kan ko matsin Somme ne ya tilasta musu. Akwai gaskiya a ciki, sai dai zaɓen ranar harin ya fi kama da na siyasar taro fiye da na dabarar yaƙi.

Ina kabarinsa, kuma me ya hana a kai gawarsa gida?

Yana maƙabartar Ancre ta sojojin Birtaniya, kusa da Beaumont-Hamel, tazara kaɗan daga inda ya faɗi. Mutum fiye da 2,500 ne a ciki, fiye da rabinsu ba a san sunansu ba.

Ba a kai shi gida ba saboda an hana kowa. Hukumar kula da kaburburan yaƙi, wadda Fabian Ware ya assasa aka kafa ta a 1917, ta tsaya kan abu biyu: ba za a mai da gawa gida ba, kuma kowa dutse iri ɗaya zai samu, janar ne ko kurtu. An yi ta cacar baki a kai, har a majalisa a 1920, don iyalai masu hali suna son su ɗauko nasu ko su gina musu abin da suka ga dama. Hukumar ba ta janye ba. Hujjarta ita ce in an buɗe ƙofar, mai kuɗi ne kawai zai shiga. Abin da aka bar wa iyali shi ne gajeren rubutu a ƙasan dutsen, wanda bai wuce harafi 66 ba. Saboda haka dutsen ɗan Lord Rothermere tsawonsa da faɗinsa ɗaya da na mai haƙar kwal da ke kwance a layinsa.

Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu suna jikin babban ginin tunawa na Thiepval, a tsallaken kogin, cikin sunaye fiye da 72,000. Na Gallipoli suna jikin ginin tunawa na Helles, a can Gallipoli. Ba a sa su a allunan sojan ruwa na Chatham da Portsmouth da Plymouth ba, don waɗancan na waɗanda teku ta ci ne.

In haka ne, me ya sa sunansa ya fi na sauran fita?

Saboda abin da doka ta hana uban yi a maƙabarta, ya yi shi a waje. A 1919 ya ba Jami'ar Cambridge waƙafin kuɗi aka kafa kujerar farfesan tarihin sojan ruwa da sunan Vere Harmsworth. A farkon shekarun 1930 aka faɗaɗa ta ta haɗa da tarihin daular Birtaniya. Manyan masana sun zauna a kanta, irin su John Gallagher, wanda ya yi fice kan yadda Turawa suka yi wa Afirka rabon ganima, da Christopher Bayly, masanin tarihin Indiya. Har yau kujerar tana nan, kuma duk farfesan da ya hau ta sai an ambaci sunan saurayin nan a gaban nasa.

Rothermere ne kuma ya ba da kuɗin dogon dutsen tunawa da rundunar da aka kafa a Beaucourt a 1922. Wannan na kowa da kowa ne, a yaba masa.

Bai tsaya ga ɗa ɗaya ba, don rashin bai tsaya ga ɗaya ba. Babban ɗansa Vyvyan, hafsa a rundunar Irish Guards, ya rasu a watan Fabrairu na 1918 sakamakon raunin da ya ji a ƙarshen 1917. Shi ma aka kafa masa kujerar tarihin Amurka a Jami'ar Oxford. A lokacin rasuwar Vyvyan uban shi ne ministan sojan sama, bayan wata biyu ya ajiye aikin.

Akwai masu neman su wanke abin da Rothermere ya yi daga baya da wannan baƙin ciki. A shekarun 1930 ya yi ta yabon Hitler, jaridarsa ta goyi bayan 'yan baƙar riga, wato 'yan fasist na Birtaniya mabiya Oswald Mosley, a 1934. Suna cewa uban da ya binne 'ya'ya biyu ba zai so wani yaƙi da Jamus ba. Ana iya fahimtar tsoron yaƙin. Amma iyaye dubbai sun yi irin rashinsa ba su rungumi 'yan fasist ba, kuma laifin uba ba ya hawa kan ɗan da ya mutu shekara 17 kafin nan.

Shi ne Vere Harmsworth ɗin da aka sa wa laburare sunansa a Oxford?

A'a. Wancan takwaransa ne, ɗan ƙanensa Esmond, wanda aka haifa a 1925 aka mai da masa sunan marigayin. Shi ya gaji sarautar gidan da jaridun daga baya. Kujerar Cambridge ta sojan ce, laburaren Oxford na takwaran ne.

Su wane ne sauran da suka mutu tare da shi?

Zuwa 1916 'yan asalin jirgi sun ragu ƙwarai a rundunar. Waɗanda suka cike gurbinsu yawanci masu haƙar kwal ne daga Durham da Northumberland da Yorkshire, da ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa daga bakin kogin Tyne da Clyde. Wasunsu sun je shiga sojan ƙasa ne aka ce wuri ya cika, aka juya su nan. Ana gane asalin mutum daga haruffan farkon lambarsa: TZ na yankin Tyne, CZ na Clyde, LZ na Landan. Hafsoshi suna yaba masu haƙar kwal ɗin, don babu wanda ya kai su iya rami da jure wahala.

A tsawon yaƙin rundunar ta rasa mutum fiye da dubu 10 da aka kashe, waɗanda aka raunata kuma sun ninka haka kusan sau uku. Kaso babba na asarar sojan ruwan Birtaniya a wannan yaƙi a tudu aka yi shi. Kowannensu yana da katin aiki, katunan suna ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, kuma ana samun su ta intanet. Katin yakan nuna sana'ar mutum, adireshin matarsa ko uwarsa, ranar da ya ji rauni, ranar da aka aika wa gida. Ga yawancinsu, katin nan da dutsen su ne duk abin da ya saura.

Akwai wani hafsa na rundunar da aka ce nasu ne suka harbe shi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma labarinsa daga wannan rana ɗaya ya taso. Sunansa Edwin Dyett, ƙaramin laftana a bataliyar Nelson, shekararsa 21, sa'an Vere. Shi ma ɗan sa kai ne na ruwa. Ya riga ya nemi a mai da shi aikin jirgi, yana cewa zuciyarsa ba za ta ɗauki yaƙin rami ba, ba a saurare shi ba. Ranar 13 ga Nuwamba an bar shi cikin 'yan jira, da yamma aka tura shi gaba. A hanya wani hafsa ya umarce shi ya kwashi wasu sojoji da suka watse ya kai su bakin daga. Ya ƙi, ya ce zai koma hedikwata ya karɓo umarni, ba a sake ganinsa ba sai bayan kwana biyu.

Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, amma ta roƙi a yi masa sassauci saboda ƙuruciyarsa. Haig ya sa hannu duk da haka. Aka harbe shi da asuba ranar 5 ga Janairu 1917, aka binne shi a Le Crotoy. Yana cikin hafsoshi 3 kacal da Birtaniya ta kashe da hukuncin kotun soja a yaƙin. Sai a 2006 majalisa ta yi wa mutum 306 irinsa afuwa.

Duk mai son ya fahimci abin da aka nema daga samarin nan, ya ajiye labarin biyun kusa da juna. Ba don a rage wa Vere komai ba. Abin da ya yi, ya yi. Amma tsarin da ya ɗebi masu son teku ya zuba su a rami shi ne ya haifar da su duka biyun.

Akwai abin da ya haɗa wannan labari da mutanenmu?

Akwai, ta fuska biyu. Sojan ruwan Birtaniya sun yi yaƙin tudu a kusa da mu a wannan yaƙi. Bayan harin farko kan Garwa ta Kamaru, wadda ke hannun Jamusawa a lokacin, a watan Agusta na 1914 ya ci tura, an hauro da wata igwar jirgin yaƙi ta kogin Binuwai, tare da ma'aikatanta, ita da igwar Faransawa suka ragargaza ganuwar Jamusawa har garin ya faɗi ranar 10 ga Yuni 1915. Sojojin da suka yi kewayen na rundunar Najeriya ne, Hausawa da yawa a cikinsu, kuma su ne daga baya aka kai Gabashin Afirka.

Fuska ta biyu ta fi ciwo. Dokar nan ta dutse iri ɗaya ga kowa, a Turai aka cika ta. A Afirka ba a cika ta ba. Rahoton da hukumar kaburburan ta fitar da kanta a watan Afrilu na 2021 ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da suka yi aikin soja ko dako, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa. Akwai allunan tunawa da sojojin Najeriya na wancan yaƙi a Zariya da Lokoja da Ibadan da Kalaba, amma 'yan dako da yawa ko allo ba su samu ba. Mai haƙar kwal na Durham bai sami kujerar farfesa ba, amma ya sami dutse da suna.

Me ya faru da rundunar bayan nan?

Ta ci gaba da yaƙi: Gavrelle a Afrilu 1917, Passchendaele a ƙarshen shekarar, janyewar Maris 1918, sannan hare-haren ƙarshe da suka kai ta kusa da Mons ranar da aka tsagaita wuta. A 1919 aka rushe ta, ba a sake kafa irinta ba.

Abin tunawa da ita a Landan wani marmaro ne mai dogon dutse a tsakiya, aikin Edwin Lutyens, wanda aka buɗe a filin faretin Horse Guards ranar 25 ga Afrilu 1925, Churchill ya yi jawabi. A 1939 aka kwance shi don a gina maɓoyar ma'aikatar sojan ruwa, ya yi shekaru a ajiye, a 1951 aka kafa shi a Greenwich. Sai a 2003 aka mai da shi wurinsa na asali. A Gavrelle kuma anka ce ta gaske aka girke a bakin hanya.

In mutum yana Faransa, zai iya ziyartar wurin?

Zai iya, ba a biyan ko sisi. Gari mafi kusa shi ne Albert, ana zuwa da jirgin ƙasa daga Amiens ko Lille. Daga Albert sai a bi hanyar da ke bin kwarin kogin zuwa arewa, maƙabartar tana gefen titi kafin a kai Beaucourt, ana hawa 'yan matakai a shiga. A bakin ƙofa akwai wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, cikinsa littafin sunaye da taswirar layuka, da shi ake gano kowane kabari. Dutsen tunawa na Beaucourt yana gaba kaɗan, Thiepval kuma yana kan tudu a ɗaya gefen kogin, duk ana iya zagaya su a yini ɗaya.

Filin da Hawke ta bi gonaki ne yanzu, na masu su, ba a shiga sai ta hanyoyin da aka ware. Manoma har yau suna tono harsasan igwa da ba su fashe ba, sukan jingine su a bakin gona don masu kwance bam su zo su kwashe. In ka ga irinsu, kada ka taɓa.